Katifar Nafi'u

Wata uku aka rubuta a takardata,
kwas a asibitin ido na Mando.
Na sauka Kawo da jaka ɗaya da ledar kilishi,
lambar Sallau a tafin hannuna da biro,
don wayata ta kurumce tun Kwangwalam.

Shekara tara ke nan da motarsa ta mace a Damagaram,
ya kwana shida a zauren babana.
Abin da ke tsakaninmu ke nan.
Ya rungume ni kamar cikinmu ɗaya.

Ɗaki biyu a Unguwar Dosa, mutum biyar.
Aka tashi Nafi'u daga katifarsa,
ya ja tabarma falo yana hararar takalmina.

Cajata mai ƙafa biyu ta tsaya gaban soket mai baki uku
kamar yadda na tsaya gaban garin nan.
Lantana ta cusa murfin biro a ramin sama,
sai ga ta ta shige.
Ta ce, haka ake shiga Kaduna, Malam Ilu,
sai wani ya danna maka.

Na ce kuran ya tafi.
Yara suka faɗi ƙasa don dariya:
Baba Nijar, nefa ake cewa!
Na ce lakwal, suka ce makaranta.
A kasuwar Bacci ina ciniki da baki,
zuciyata na can tana mayar da naira sefa,
kafin ta gama an ba ni canji.

Na koyi ƙanƙanta.
Wanka da rabin bokiti,
bayi kafin kiran assalatu,
in ce na ƙoshi alhali tuwon bai kai ko'ina ba.
Na koyi barcin ƙarya
daren da suke raɗa a kan kuɗin haya,
bangon kuwa bai san sirri ba.
Jiragen soja na tsaga sama da sassafe,
ruwa na dukan kwano kwana uku ba hutu.
Mu a gida irin wannan ruwa sai a yi masa yanka.

An ce baƙo raɓa ne.
Ni na zama damina.

Na saka kuɗi ƙarƙashin tiren shayi.
Da safe na same su cikin takalmina,
ba wanda ya ce uffan.
Sai na koma satar hanya:
in cika tukunyar gas ba su nan,
in ce burodin nan kyauta aka ba ni.
Lantana ta sani. Ta bar ni da ƙaryata.

Wani dare Nafi'u na aikin gida,
hancinsa na sharar littafi.
Na rufe masa ido ɗaya da cokali,
na nuna kalandar bango: karanta.
Ya yi shiru.
Shekara biyu ana kiransa daƙiƙi
a bencin baya.

Ranar da muka karɓo tabarau
ya tsaya kan gadar Kawo bai motsa ba.
Ya ce, ashe itace ganye ɗaya-ɗaya gare shi?

Daren tafiyata Maman Yohanna ta gefe
ta aiko da gwate a kula.
Sallau ya ƙi kallona, yana ta gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.
Nafi'u ya kwanta a katifarsa,
ya tashi ya ce ta yi masa faɗi.

Sai a Daura na laluba aljihu,
na ji makullin gidan da zarensa ja.
Na kira kafin layi ya yanke.
Sallau ya ce, riƙe abinka,
ba mu da niyyar canza kwaɗo.