Kwalba Mai Lambata

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinkin suna,
kwalba guda ta farke shi kafin azahar.
Ko rabin kofin shayi ba ta kai ba.
Aka manna mata lambata,
ta shiga ofis, ta kai tsegumina.

Yau ni ne a gadurum na Shadawanka,
an zare igiyar takalmi, an karɓe bel.
Saja Tanimu, da muka raba gwangwanin kifi a daji,
shi ke gadin ƙofa,
ya kafa wa ƙadangare ido don kada ya dube ni.

Ba wanda ya tambayi gwiwar nan
da ƙarfe ya shiga bai gama fita ba.
Ƙwayar farko likita ya miƙo,
ta biyu ma shi.
Ta ɗari kuwa a bayan kasuwar Wunti na saya,
hannun yaron da ke ce mini, "Oga, sannu da aiki."
Ban sha don daɗi ba.
Na sha don Yohanna ya daina kirana da dare
da rabin fuskarsa.

Gobe ƙarfe tara za a karanta tuhuma.
Zan ƙame, in sara, in ce haka ne.
Igiya biyu za su sauka daga hannun riga,
su bar sawunsu inda rana ba ta ci kakin ba.

Inna ta aiko daga Dass:
an yanke shinkafa, yaushe ne hutu?
Na ce a gaya mata
wannan karon
mai tsawo za su ba ni.