Ɗumi Don 'Yan Tsaki

Asubar Talata, tsakanin Kalgo da Bunza,
na tsaya na buɗe kwali.
Sha ɗaya sun sandare a kusurwa,
ƙafafu a miƙe kamar tsinken ashana.
Hita na kunne tun daga Birnin Kebbi,
amma abin da take hurowa
bai kai numfashin akuya ba.

Fijon nan ta girmi ɗana na fari.
Shekara sha tara ina roƙonta sanyi,
ban taɓa roƙonta ɗumi ba.

Arzika ya yi dariya har sifana ta faɗi.
"Hita? A Kebbi?
Jira wata uku, rana za ta gyara maka kyauta."
Na nuna masa kwalin.
Ya sunkuya ya ɗauki sifanarsa.

Ya bar injin ya yi zafi,
ya damƙi tiyo biyu masu ratsawa ciki.
Ɗaya ya ƙona shi, ya kai yatsa baki,
ɗayan kamar gindin randa.
Ya ce, "Ruwa na zuwa ƙofa yana sallama,
ba a ba shi izinin shiga."

Nomau ya kawo jarka da mazurari,
suka ɗura ta inda ruwan ya saba fita.
Sai ga laka, sai ga tsatsa,
jajir, da kauri kamar kunun jiya.
Duk ruwan kududdufin da na taɓa ba ta
a hanyar Kamba
ya dawo ya gaishe ni.

"To ina tamostat?"
Gidanta wayam.
"Wane mugun makanike ya cire?"
Na ce, "Kai ne, shekarar ambaliya.
Ka ce ita ke sa mota zazzaɓi."
Bai amsa ba. Ya jawo tsohon gwangwanin madara
cike da irinta, na motocin rabin gari,
ya zaɓi ɗaya, ya aiki yaro wurin mai shayi.
A kofin tafasasshen ruwa
muka zuba mata ido mu uku,
har ta buɗe baki a hankali
kamar tsohuwar da aka daɗe ba a tambaye ta komai ba.

Muka ɗora hancin motar kan tudu,
marfin lagireto a buɗe,
tana ta gyatsa har iska ta ƙare.

Asubar Asabar, ɗari biyu a kujerar baya.
Kafin Kalgo na cire hula,
kafin Bunza gumi ya jiƙa wuyan riga.
Sai na ji babu kuka.
Ko ɗaya.
Gabana ya faɗi, na taka birki,
na haska tocila, hannu na rawa.

Barci suke yi.
Sun baje, kowa da wurinsa,
ba mai hawa kan wani.

Duk da haka sai da na ƙirga su,
sau biyu,
kafin na kama hanyar Dakingari.