Kalma Ɗaya a Shafi na Bakwai

Ni ce mai karanta ƙudurori a zauren nan na Bismarck.
Shekara goma sha ɗaya ina ara wa maganar wasu bakina,
ban taɓa jefa ƙuri'a ba.
Kujerata tana ƙarƙashin ta kakakin majalisa,
inda ƙarar gudumarsa ke sauka a ƙeyata.

Yau daren ƙarshe ne.
Ƙanƙara ta liƙe tagogi,
kofi ya huce a kofunan takarda.
Manoman alkama, masu garken shanu, lauyoyi biyu-uku,
duk sun tuɓe kwat, sun naɗe hannun riga,
kowa da rabin hankalinsa a hanyar gida.

Da hantsi suka zartar da ƙudurin agwagwa,
wacce za ta hau tambarin jiha.
Minti huɗu, da raha, da tafi.

Sai aka zo kan na motar asibiti.

Na tuna matar, Arlys Tveit, cikin Janairu,
ta tuƙo awa biyar daga bakin iyakar Kanada,
aka ba ta minti biyu gaban kwamiti.
Ta ce, "Mijina ya faɗi a garke tsakanin maruƙa.
Na kira. Na ƙirga minti saba'in da ɗaya
ina danna ƙirjinsa,
har hannuwana suka riga shi mutuwa."
Jar fitila ta kama.
"An gode, baiwar Allah. Na gaba."

Ƙudurin cewa ya yi dole jiha ta ajiye mota
a kowace gunduma, komai nisanta.

Haugland ya miƙe, ya gyara tabarau.
Ba mugu ba ne, shi ya kai ni gida ranar da motata ta ƙi tashi.
Ya ce, "Daidai ruwa, daidai tsaki.
Baitulmali ba rijiya ba ce."
Marva Crow Heart ba ta jira an kira sunanta ba.
"Ranar da muka shimfiɗa kwalta zuwa rijiyoyin mai,
wa ya auna tsakin?"
Guduma. Hayaniya. Guduma.
Wani ya kawo hujjar tsarin zama,
wani ya karanta lissafi shafi uku, ba mai saurare,
wani dattijo a layin baya ya yi gyangyaɗi da hannu a kan maɓalli.

Sha biyu saura biyar,
yaron aike ya hau tsani
ya rataya kwat a fuskar agogo.
In ba a ga dare ya raba ba, bai raba ba.
Haka muke yi wa lokaci a nan.

Can suka fito daga ɗakin sulhu suna murmushi,
aka miƙo min 'yar takarda, da ɗuminta.
Gyara: shafi na bakwai, layi na tara,
a goge "dole",
a sa "tana iya".

Na karanta. Muryata ba ta yi rawa ba,
don haka ake biyana.

Allo ya haska, kore ya rinjayi ja.
Haugland da Marva suka gaisa don masu hoto,
ita tana kallon ƙasa.
Kowa ya samu abin faɗa wa mutanen mazaɓarsa.
Ni kuwa na ɗauki biro na ja layi a kan haruffa huɗu,
siririn layi, ko jini bai fita ba.

Da aka cire kwat, biyu da minti goma.

A matakala na iske ta, da makullin mota a hannu,
ashe tun la'asar tana sama wajen 'yan kallo,
inda lasifika ba ta kaiwa sosai.
Ta riƙo gefen rigata.
"Ke ce mai karantawa. Ya wuce?"

Na dubi takalmanta, da sauran cinyayyen ciyawar garke a jiki.
Na ce, "Ya wuce."