Kwanan Zaune a Tawa

Daga kan buhun albasa ta faɗo.
Jakin bai zabura ba, ramin hanyar kasuwa ne kawai.
Ta tsala ihu, ta miƙe, ta kakkaɓe zane,
har da zagin jaki.
Na ce a raina, shi ke nan.

Sai bayan la'asar Zuwera ta yi amai.

A asibiti ni manjo Balkisa ta fara sa wa gaba.
Amalanken ya kai ƙugunka ko ƙirjinka?
Ta suma, ko na ƙiftawar ido?
Amai sau nawa?
Sau ɗaya. Ta rubuta.
Ta shafa ƙulun goshi ta ce, wannan mai surutu ne,
na bayan kunne nake tsoro, mai zuwa shiru.
Ta haska cocila,
ƙwayoyin idon suka tsuke tare
kamar bakin zabira.

Na ce, akwai jini a ciki ko babu?
Ta ce, Ilyasu, ƙoƙon kai ba ƙwarya ba ne
balle in ɗaga faifai in leƙa.
Akwai hoto in ta kama,
amma ba kowace faɗuwa ke kai yaro gaban na'ura ba.
Cikin ɗari irinta, kusan duka lafiya suke komawa gida.
Na ce, sauran fa?
Ta ce, don sauran za ku kwana nan.
Kai ka san ta, ni yau na gan ta.
In ta farka ba ita ba ce, ka kira ni.

Ni da ke gane albasar da ta ruɓe ciki
da matsa wuyanta kawai,
ga ni zaune gaban kan ɗiyata
kamar wanda aka ba takardar nasara.
Ƙarfe sha biyu, na tashe ta. Wane ne ni?
Ƙarfe biyu. Yaya sunan jakinmu?
Ƙarfe huɗu ta ce, Baba, ka cika tambaya,
ta juya mini baya.

Da assalatu uwarta ta shigo da kunu.
Zuwera ta miƙo hagu,
hannun da na shekara uku ina bugewa.
Ta kurɓa, ta yamutse fuska, wai ba sukari.

Ban ce ta sake hannu ba.
Albasa na can, rana na cin rabonta.