Abin da Hannu Ya Riƙe

“Ke Luba, mi kika koyo can Dundaye?”
Na ce, halayyar ɗan Adam, Baba.
Ya aje basilla bisa jar fata, ya yi dariya:
“Wanga ma sai an biya kuɗin rajista?
Zamna bakin rumfata kwana ukku,
ki san kowa, kyauta.”

Ban zauna ba. Na hau bas.

Ajin farko aka dire mana kai a tebur,
ƙwaƙwalwar roba, tana ɓarewa biyu kamar goro.
Nan gani, nan ji, nan tsoro ke kwana,
jijiya na miƙa wa jijiya saƙo
kafin ɗan kabu-kabu ya zagaye Gawon Nama.
Na shafa ƙeyata a ɓoye.

Darasin koyo kuwa a gida na same shi.
Akuyarmu, da jin ƙarar bokiti
sai ta taso tana lasar baki,
ko dusa babu, ko wanki zan yi.
Na rubuta ta a jarrabawa. Ta ci mini maki takwas.

Darasin girma ya faɗo kan Modi, ɗan yayata.
Na juye kununsa daga kwano zuwa dogon kofi,
ya yi tsalle, wai ya ƙaru.
Bana ya kai bakwai, na sake gwadawa,
ya harare ni: “Inna Luba, wayau za ki yi min?”

Ƙididdiga ita ce ta sa ni kuka.
Ni da na zo neman zuciya,
aka ba ni lambobi, layi bisa layi,
ga zafin Afrilu, ga fanka ta mutu,
Malam Jabbi na bugun allo:
“In ba ki ƙirga ba, zato ne kawai!”
Sau biyu na maimaita. Har yau ba mu shirya ba.

A zamantakewa aka ce taro na raba nauyi
har ya zamo ba na kowa ba.
Ranar da tsohuwa ta faɗi a Kasuwar Kara
mun fi ashirin a kanta, muna ta sannu.
Na san sunan abin da ke riƙe ƙafafunmu,
duk da haka sai da mai lemu ya riga ni sunkuyawa.

Aji uku, ciwon da ba ya jini.
Maƙwabcinmu Altine, tun da ya baro ƙauyensu da dare
ba ya jin babur ya zauna.
Unguwa ta ce iska. Littafi ya ba shi suna.
Ni dai na koyi yin shiru kusa da shi
har numfashinsa ya dawo.

Sai shekarar ƙarshe, babin tuni da mantuwa,
wanda ban so in iya ba.
Baba ya fara neman hular da ke kansa.
Ya tambayi Inna ko an yi la'asar, sau huɗu.
Wata Laraba ya dube ni da ladabi,
irin duban da yake wa mai sayen alabe,
ya ce, “Ɗiyar wa ta?”

Na miƙa masa fata da basilla.

Yatsun suka kama, ba su tambayi kowa ba.
Huda, ja, ɗaure. Huda, ja, ɗaure.
Ɗinki miƙe kamar sahun asuba,
karan dafi na rina masa farce kamar da.
Malamai sun ce ma'ajin suna daban, na hannu daban,
ɗaya kan rushe ɗaya na tsaye.
Na amsa wannan a takarda, an ba ni daidai.

Yanzu ina bakin rumfar.
Kwana ukun sun wuce tuni,
ban san kowa ba tukuna.
Shi kuwa yana ɗinki, yana ce mini baƙuwa,
yana tura mini inuwa da gefen tabarma.