Zanen Zabuwa

Kwana tara ina shafa launi a kan Maraɗi,
kore inda aka ce ruwa zai ƙaru,
ja inda aka ce zai ja baya,
shekara talatin nan gaba,
lokacin da haƙorana za su fara sallama.

Lissafi goma sha biyu na tambaya.
Bakwai suka ce Gulbi zai cika har ya ci lambuna,
biyar suka ce yashi ne zai kwana a cikinsa.
Sai na yayyafa baƙin ɗigo a kan koren,
daga Tibiri har Madarunfa,
kamar bayan zabuwa.

Darakta Laminu ya leƙo ta saman tabarau:
"Share wannan ƙyandar, Rakiya.
Masu ba da kuɗi ba sa sayen wataƙila."
Ban share ba.
Na naɗe takardar, na tsayar da kabu-kabu.

A Sumarana na tarar da Kawu Nomau
yana ɗaure ƙotar hauya.
Ya riƙe taswirar a juye, na gyara masa.
Ya ɗora yatsa daidai gonarsa:
"Wannan fa? Kashin ƙuda?"
Na ce, "Nan ne masana suka raba baki.
Nan ne ba mu sani ba."

Ya yi dariya har goro ya shaƙe shi.
"Ashe na'urarku ta fara hankali.
Wancan da ya zo da farar mota,
takardarsa kore shar, ko tabo babu,
shi ya sa na zuba irina duka a yini guda.
Tambayi gwaggonki abin da muka daka a shekarar."

Ya ja ni bayan rumbu.
Ƙwarya biyu a inuwa:
gero mai saurin nuna,
maiwa mai jiran raɓa.
Wake a tsakanin kunya, ko da ɗaya ya ƙi.
Gawo uku da ya hana gatari.
"Ni ma haka nake zana tawa," in ji shi,
"ban dai da biro."

Ran Litinin na shimfiɗa ta a tebur,
da shaidar yatsan Kawu, jar ƙasa, kusa da Gulbi.
A ƙasa, inda ake fassara launuka,
gefen ɗigon da aka ce in share,
na rubuta da ƙananan baƙaƙe:
a nan, a ajiye iri biyu.