Raga a Ƙarƙashin Ganuwar Teku

A Harlingen, ɗakin sama, daf da murhu,
Aukje ta shimfiɗa takarda, ta danne da kofi.
Gefe huɗu duk ta sani:
hagu teku ne, an auna tsayinsa,
dama makiyayar Wiebe, ƙasa da teku da gaba biyu,
sama gindin ganuwa,
can ƙasa yumɓu mai rowa, ko ɗigo ba ya bari.
Tsakiyar ce duhu.
Nan ruwa ke rarrafe cikin rairayi,
ba mai gani, balle shaida.

Ta ja layi, ta gitta layi,
har takarda ta koma ragar masunta.
Kowace mahaɗa ta laƙa mata lambar ƙarya,
don dole a fara daga wani wuri.

Dokar guda ce, gajera:
tambayi na hagu da na dama,
na sama da na ƙasa,
haɗa abin da suka ce, ka raba huɗu,
matsayinka ke nan.
Sai dai kana miƙewa, maƙwabci ya karkace.
A sake.

Gaskiya daga bakin iyaka take shigowa,
sannu, kamar danshi a bango.
Zagaye na tara, ba ta kai tsakiya ba.
Na ashirin da uku, magogi ya huda takarda,
shayi ya huce, ya yi fata.

Akwai wata kusurwa, ƙarshen turken ƙarfe,
inda lambobi ke hauka, su ƙi zama.
Nan ta tsuke idon raga,
ta ƙara tsukewa,
aikin yini ya zama na mako.

Injiniya Tjeerd ya leƙo, hula a hannu, rigarsa na ɗiga:
"Amsar daidai ce?"
Ta ce, "A'a. Kusa ce."
"Kusa kamar yaya?"
Ta nuna masa kaurin farcenta.
Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa hannu.

Da dare iska ta juyo daga arewa.
Wiebe ya tatse shanunsa, ya kwanta,
bai san an raba barcinsa gida huɗu ba
sau dubu goma sha ɗaya.

Ita ce ba ta runtsa ba.
Tana jin teku na dukan dutse,
shi da bai taɓa riƙe fensir ba,
ya kuwa san amsar tun jiya,
har lambar ƙarshe,
wadda ta bari a ramin magogi.